Lambar 2,147,483,647: Wa Ya Ce Dole Ta Gagari Rabo?

[Allon wasan waya, kuɗin ɗan wasa sun tsaya cak]

Kun sha ganin wannan lambar. A wasu wasannin waya, in kuɗinka suka kai nan, shi ke nan, ko sisi ba ya ƙaruwa. Ba tsafi ba ne. Tsofaffin manhajoji suna ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi 0 ko 1 kawai yake ɗauka, ɗaya na nuna ko riba ce ko bashi, saura 31. Jera biyu sau 31 kana ninkawa, ka cire ɗaya saboda daga sifili ake fara ƙirga. Ga ta nan.

Mu yi sauri da siffofinta. Mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. Gurbinta goma. Sannan gagara-rabo ce, wato babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Gagara-rabon da ake samu ta ninka biyu a cire ɗaya, ana kiransu da sunan wani malamin coci na Faransa, Marin Mersenne, kuma wannan ita ce ta takwas a jerinsu.

To, a nan ne ake tafka kuskure. Har wani ya ce min: "Ai 31 gagara-rabo ce, dole 'yarta ma ta zama haka." Malam, a hankali.

[Hannu da alli a allo]

Biyu sau biyu, cire ɗaya, 3. Jera biyu sau uku, 7. Sau biyar, 31. Sau bakwai, 127. Duk sun gagara. Sai mutum ya gyara zama, ya ce ya gano bakin zaren. Yanzu gwada 11. Ka sami 2,048, cire ɗaya, 2,047. Ɗauko wayarka, buga 23 sau 89. Zan jira.

2,047. Ta rabu. Ashe ba gado ba ne. Sai uwar ta gagara kafin 'yar ta sami damar gagara, wannan gaskiya ne, amma dama ce kawai. Kowace sai an gwada ta.

Ku sake kallon 23 da 89 ɗin nan. 23 ita ce 22 da ɗaya. 89 kuwa 22 sau huɗu da ɗaya. Ita 22 ɗin, ninkin 11 ce. Haka dokar take: duk abin da zai raba tamu lambar, sai ya bar ragowar 1 in an raba shi da 62, wato ninkin 31. Da irin wannan rariya Leonhard Euler ya tace masu neman raba ta a 1772, bai buƙaci wuce 46,340 ba, domin nan ne tushenta ya tsaya, wato lambar da in ka buga ta sau kanta za ka kusa kai tamu. Babu wadda ta shiga. Kuma lokacin nan idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Ni da na'urar lissafi a hannu ma sai na buga sau biyu.

[Agogo yana tafiya]

Abu ɗaya ya rage. Kwamfutocin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970 a gurbi 32 za su iso wannan lambar ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, wadda ba a gyara ba za ta ɗauka 1901 ake.