Nemo akwati da sunansa a cikin fom: lacca ga matasan Zangon Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai da ke zaune a gaba, da ƙannena maza da mata masu koyon rubuta manhaja, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa gina manhajar kwamfutar tebur ya ci karo da tambayarmu ta yau. Ga fom, wato tagar manhaja da mai amfani ke gani, cike da akwatunan rubutu da maɓallai, kai kuma kana riƙe da sunan ɗaya a rubuce, kana son kwamfuta ta miƙo maka shi. Ta wace hanya?

Mu ɗauki aikin da muka sani. Mai karɓar susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum-kullum, yana zagaya Kejetia da Aboabo da katinsa mai gida 31, kowace rana da gidanta. Ya ce ka mayar masa da katin cikin kwamfuta. Ka buɗe Visual Studio, inda ake rubuta manhaja, ka jera akwatuna, ka raɗa musu suna daga txtRana1 har txtRana31. To, a tara sidin da ke ciki. Ba mai son rubuta layi 31 iri ɗaya, sai dabara ta zo maka: in ƙirga daga 1 zuwa 31, in manna lambar a bayan "txtRana", in nemo akwatin da sunan da ya fito.

Waɗanda suka fara da Visual Basic 6 ta 1998 sun samu sauƙi a nan, domin akwatuna da yawa suna iya tarayya a suna ɗaya, lambar Index ce ke bambanta su. Da Microsoft ya fito da .NET a 2002, sabuwar Visual Basic ta bar wannan tsari, kowa ya koma rubuta nasa binciken. Sai a 2005, cikin .NET Framework 2.0, Windows Forms, sashen .NET da ake gina fom da shi, ta samu Controls.Find.

Kafin ku taɓa shi, ku fahimci yadda fom yake zaune. Ku tuna babban gidan haya a Zango. In ka tsaya a tsakar gida ka kira suna, wanda ke tsakar gida ne zai amsa. Wanda ke cikin ɗaki kuwa, sai ka bi ɗaki-ɗaki. Haka fom yake: Controls ɗinsa ya san abubuwan da aka ɗora a kansa kai tsaye ne kawai. Da zarar ka sa akwati cikin Panel ko GroupBox ko wani shafi na TabControl, ya shiga ɗaki. Shi ya sa Controls["txtRana7"] zai yi maka aiki yau, gobe ka tattara akwatunan cikin GroupBox don fom ya yi kyau, ya dawo maka da null, wato babu komai, manhaja ta faɗi.

Controls.Find yana karɓar abu biyu: suna, da true ko false. In ka ba shi true, zai shiga kowane ɗaki har ƙurya. Amma ku lura, jeri yake dawowa da shi, domin abubuwan da aka ƙirƙira manhaja tana cikin aiki, babu abin da ya hana biyu su ɗauki suna ɗaya. Jerin yana iya zuwa fanko. Saboda haka kada hannunka ya kai ga na farko sai ka duba Length, wato yawan abin da ke cikin jerin. Abin da ya miƙo maka kuma Control ne, sunan da ya haɗa su duka, sai ka tabbatar TextBox ne kafin ka nemi abin da TextBox kaɗai ke da shi. Babba ko ƙaramin harafi ba ya damunsa. Suna fanko kuwa, kuskure zai jefo maka.

Ƙanwata, na ji tambayarki. Ta ce ta ƙirƙiri akwatin da kanta a cikin kod, ta kira shi akwati, amma Find bai gan shi ba. Madalla da wannan tambaya. Sunan da kika ba shi a kod naki ne ke da kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod ya zama abin da kwamfuta za ta gudanar. Find yana duba Name ne, wanda ke jikin akwatin. In kika jawo akwati da linzami, Visual Studio ne ke cike miki Name a ɓoye. In ke kika ƙirƙira, Name fanko yake har sai kin rubuta shi, kuma sai kin sa akwatin cikin Controls. Abubuwan cikin MenuStrip ma ba za su fito ba, su ToolStripItem ne, ana nemansu da Items.Find.

Sauran kayan aiki kowa da halinsa. Delphi, wadda Borland ya fitar a 1995 ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg, mutumin da daga baya ya tsara C#, tana da FindComponent, wanda ke bin mai mallakar abu, ko a wane ɗaki abin yake zaune. WPF ta 2006 tana da FindName, amma abin da ka ƙara daga baya sai ka yi masa rajista da RegisterName. A Qt akwai findChild, mai bin objectName.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya kawo ni. Duk sunan da ka rubuta tsakanin alamun zance, kwamfaila ba ta bincika shi. Ka rubuta "txtRna7" bisa kuskure, ko abokin aikinka ya sauya sunan akwatin bayan wata shida, manhaja za ta haɗu lafiya lau, ba gargaɗi ko ɗaya. Kuskuren zai jira har ƙarshen wata, lokacin da mai tuwo ta zo karɓar kuɗinta. In ma an rubuta kod ɗin ya tsallake abin da bai samu ba, manhajar ba za ta faɗi ba, jimilla ce za ta fito da giɓin kwana ɗaya. Guminta ne wannan, kuma amana ce a wuyan wanda ya rubuta.

Don haka a aikin susu ni ba zan nemi komai da suna ba. Zan ƙirƙiri akwatunan 31 a cikin kod, ina ƙirƙira ina ajiye kowanne a jerin TextBox, in kuma so nake in kira su da wata alama, in zuba su a Dictionary, wato ma'ajiyar da ke haɗa kowane abu da alamarsa. Ranar 7 tana gurbinta, ba sai an bi ɗakuna ana cigiya ba. Lissafin kansa ma a riƙe shi a decimal, nau'in lamba mai dacewa da kuɗi, can gefe, akwati ya zama wurin nunawa kawai.

Neman suna yana da ranarsa, wato lokacin da sunan ya zo daga wajen manhaja. Misali kana son fom ɗinka ya yi magana da Hausa da Twi da Turanci. Sai ka ajiye fayil, kowane layi da sunan maɓalli da rubutun da za a ɗora masa. A nan dole ka nema da suna, kuma in ba a samu ba, manhaja ta rubuta sunan da ya ɓace a inda za ka gani.

Aikin gida: ku gina katin nan da Find, ku mayar da akwatuna goma cikin Panel, ku gwada false ku gwada true. Sannan ku sake gina shi da jeri, ku sauya sunan akwati ɗaya a kowanne, ku zo mini da jimillar da kowanne ya bayar. Wassalamu alaikum.