Dogon Hutu Ya Zo: Wa Ya Rubuta Wa 'Yar Shekara 15 Littafinta?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Makarantu sun kusa rufewa. Nan da 'yan kwanaki za a raba sakamakon zango na uku, 'yan makarantar kwana su ɗaure akwatuna su dawo gida, waɗanda suka gama WAEC da NECO kuma su shiga zaman jira. Daga ƙarshen Yuli har cikin Satumba ke nan a Najeriya, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa nasu hutun ya fi tsawo, sai Oktoba. Hutun nan a tsakiyar damina yake faɗowa. Ranar da marka ta sauka ba fita, ba zuwa gidan ƙawa. Yarinya ta gama shara da wanke-wanke, sai ta shige ɗaki ta kwanta rub da ciki. Uwa ta leƙa ta ga ido a kan waya, ba sauti, ba dariya, ɗan yatsa kawai ke tafiya. To Hajiya, karatu take yi, kuma galibi littafin soyayya ne.

Mun daɗe muna gardama a kan ko ya dace yara su karanta soyayya. Yaran sun ba mu amsa tun shekara 40 da suka wuce, suna karantawa, kuma za su ci gaba. Abin da ya dame ni yau shi ne littafin da ke hannunta: don wa aka rubuta shi?

A Amurka hutun makaranta a lokacin zafinsu yake zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, kuma masu buga littattafai sun daɗe da ware wa matasa nasu kason. In ka shiga kantin littattafai ko laburaren gari za ka tarar da sashen 'yan shekara 12 zuwa 18, daban da na ƙananan yara, daban da na manya. Hutu na ƙaratowa laburarori su fito da jerin abin karantawa, wani wurin har da 'yar kyauta ga yaron da ya cika adadin da aka ɗibar masa. Labaran soyayya kuwa a gaba-gaba suke. Littafin da masana da dama ke cewa shi ya buɗe wannan fage, Seventeenth Summer na Maureen Daly, ya fito a 1942. Labarin yarinya ce 'yar shekara 17 a wani gari na jihar Wisconsin, da saurayinta na farko, cikin wata uku na hutu kafin ta tafi jami'a. Sassan littafin ma sunayen watannin nan uku aka sa musu. A 2009 Jenny Han ta fitar da The Summer I Turned Pretty, shi ma a kan hutun aka gina shi, aka kuma mayar da shi shirin talabijin a 2022.

Akwai dalilin da ya sa marubutansu ke son hutu. Yana da ranar farawa, yana da ranar ƙarewa, ba ƙararrawar makaranta, yaro yakan bar gida ya je wani gari ya ga sababbin fuskoki. Mai karatu ya san ranar rabuwa na tafe tun daga shafin farko. Yarinyar da ta shiga hutun kuma ba ita ce ke fitowa ba, ta ɗan girma, ta san wani abu game da kanta da iyayenta da ƙawayenta. In ka tona, girman nan shi ne labarin, soyayyar doki ce da ya hau.

Kada wani ya ce ina tallar littattafan Turawa. Da yawa cikinsu tarbiyyar da ke ciki ba tamu ba ce: samartaka ba niyyar aure, keɓewa, shaye-shaye a bakin teku. Ba zan miƙa wa 'yata ɗaya ba sai na duba. Tsarin nake nuna muku, cewa an san mai karatun, an san shekarunta, aka zauna aka rubuta dominta. Musulmin can ma sun shiga ciki. A 2016 kamfanin Simon & Schuster ya sanar da buɗe reshe mai suna Salaam Reads don littattafan yara da matasa Musulmi, kuma a nan aka buga Love from A to Z na S.K. Ali, Musulma 'yar Kanada, a 2019. Matasa biyu ne suka haɗu a hanyar Doha. Ita mai hijabi ce da aka dakatar daga makaranta saboda ta ja da malami mai ƙin Musulunci, shi kuma yana ɓoye wa mahaifinsa wata cuta da aka gano masa. Suna son juna, suna kuma kiyaye iyaka, labarin bai rasa armashi ba.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage, shi ya sa abin yake min ciwo. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yaran da suka shiga aji ɗaya a lokacin sun zama samari da 'yan mata a tsakiyar shekarun 1980, sun iya karanta Hausar boko, suna neman abin karantawa. Tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya. Sai matasan Kano da Kaduna da Katsina suka ɗauki alƙalami, suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Littattafai sirara, takarda mai arha, na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda ba shi da kuɗin saye ya je shagon haya. A makarantar kwana littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki kaf, bango ya yage, shafin ƙarshe ya ɓace, wadda ta riga karantawa ita za ta ba da ƙarshen da baki bayan an kashe fitila. Samari ma na karantawa, a ɓoye dai, har su kwafi kalaman su zuba a wasiƙa. Na san mata da dama da aka cire daga makaranta tun suna firamare, waɗannan littattafan ne suka riƙe musu karatunsu bai gudu ba.

In ka koma ka duba na farko-farkon nan, za ka ga littattafan matasa ne, ko da ba a kira su haka ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, labarin 'yar masu hali ce da ta kafe a kan saurayi talaka. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. Damuwar da ke ciki damuwar mai karatun ce: zance a ƙofar gida, wasiƙa ta hannun ƙane, tsoron auren dole, burin gama makaranta.

An yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da inganci, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i. A 2007, ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano, A Daidaita Sahu, aka tara littattafan da aka karɓe a wata makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ban raina damuwar iyayen wancan lokaci ba, wasu littattafan sun cancanci suka. Sai dai wuta takarda take ci, kuma ba a jima ba karatun ya bar takarda ya koma waya.

Kafin nan ma wani abu ya riga ya faru a hankali. Marubutan sun girma, masu karatunsu sun yi aure, labarin ya bi su ya shige gidan miji. Kishiya, uwar miji, boka, saki, zawarci, sirrin ɗaki. Waɗannan batutuwa ne na gaske, matan aure na da haƙƙin a rubuta musu su. Amma bencin da aka tashi daga kai an bar shi ba kowa, sababbin 'yan mata kuma kullum tasowa suke yi. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Yarinyar da ba ta sami nata ba, na yayarta za ta ɗauka.

Yau littafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook yake fita, shafi-shafi, kullum da dare. Shafukan farko kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi sai a ce littafin kuɗi ne, a tura ta banki ko katin waya a shiga guruf. Ban ga laifin marubuciya ta ci guminta ba, an daɗe ana cin haƙƙinsu. Amma kasuwa ce da kowa ke ƙoƙarin riƙe mai karatu zuwa gobe, kuma wasu sun gano batsa ta fi saurin riƙewa. Za ka ga an rubuta a sama cewa littafin na matan aure ne, budurwa kada ta karanta. Kamar ka ajiye kwano a rufe gaban yaro ne ka ce kada ya buɗe, ka fita. Mai shagon haya na da ya san 'yar gidan wane ce ta zo, yakan ce wannan ba naki ba ne, ɗauki wancan. Waya ba ta san 'yar kowa ba.

Akwai kuma abin da ya fi batsar tayar min da hankali, don ita batsa kowa na ganinta ya gane. Shi ne irin namijin da ake ta maimaitawa a matsayin gwarzo: matashi, attajiri, miskili, ba ya dariya, ya wulaƙanta yarinya, ya mare ta, ya kulle ta, can wajen shafi na 60 a ce ashe so ne. Mace mai shekara 35 ta san ƙarya ce, ta karanta ta wuce. 'Yar shekara 15 ba ta da ma'aunin da za ta auna. Tana koyon cewa wulaƙanci ƙofar ƙauna ce, haƙuri da mari kuma shi ke kai mace gidan sama da mota. Ranar da wani ya ɗaga mata murya a waje, ba na so ta tuna da wannan gwarzon ta yi murmushi.

Marubuta, musamman mata, da ku nake. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna wa duniya irin alƙaluman da muke da su. Ku rubuta wa ƙannenku. Kayan labarin a gabanku suke. Yarinyar da ke jiran sakamakon JAMB aka tura ta hutu wurin kakarta a ƙauye, ga damina, ga gona, ga bikin 'yar ƙanwar uwa, ga wani ɗalibi da ya zo taya mahaifinsa noma. Yaron da ke koyon ɗinki yana tara kuɗin jarrabawa, yana son 'yar maƙwabta, bakinsa ya kasa furtawa. Ƙawar da ta ji haushi an fara ɓoye mata magana. Uban da ba azzalumi ba ne, tsoro kawai yake ji. Yarinyar da ta ce a'a, aka kuma ji maganarta. Irin wannan labari ba ya bukatar jirgin sama ko asibitin ƙasar waje, kuma ba dole ya ƙare da lefe ba, yana iya ƙarewa ranar da motar komawa makaranta ta tashi daga tasha. Kada kuma ku mayar da shi wa'azi, yaro na shinshino wa'azi a labari zai ajiye. Ku bar zuciya ta buga, kunya ta yi aikinta, kamar yadda take yi a zahiri.

Masu buga littattafai da masu manhajojin karatu, rubuta shekarun da littafi ya dace da su a bango ba ya cin ko kwabo. Mu ma 'yan rediyo muna da namu alhakin. Mun daɗe muna karanta littattafai a iska, gida duka na saurare, daga kaka har jika, amma ba kasafai muke ware fili mu ce wannan na 'yan hutu ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, hutun bana ya riga ya iso. Wanda aka fara rubutawa a markar bana zai iya kasancewa a hannun yara baɗi war haka.

Iyaye mata kuma, ga roƙona. Kafin ki ƙwace wayar, ki tuna inda kika ɓoye naki littafin a zamaninki, cikin littafin lissafi ne ko ƙarƙashin katifa. Ki zauna bakin gadon ki ce ta ba ki labarin. Ki tambaye ta wa take so a ciki, me ya sa, me za ta yi da ita ce aka yi wa haka. Da farko za ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, Umma. Ki ba ta lokaci, ruwan bai ɗauke ba tukuna. In kina da tsofaffin littattafanki a ƙasan akwati, waɗanda kika san abin da ke cikinsu, ki ciro mata ɗaya, ko da shafin ƙarshe ya ɓace, ke kya ba ta ƙarshen da baki.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.