Daga Shagon Gyara Zuwa Kamfanin Ƙera Samfuri

Ku dubi takardar nan. Zane ne da fensir, layukan ma a karkace. Mai ita ya shekara uku yana yawo da ita a aljihu, yana cewa ya gano wata dabara. Wataƙila da gaskiyarsa. Sai dai takarda ba ta juyawa, ba ta ɗaukar nauyi, ba ta yin zafi. Dole a samu mai hannu da zai mayar da ita abin da za a ɗaga a gwada, wato samfuri.

A 1903, 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright da ke ƙoƙarin ƙera jirgin sama sun nemi kamfanoni su yi musu injin jirgi mara nauyi, ba su samu ba. Charlie Taylor, makaniken shagon kekunansu a Dayton da ke Amurka, shi ya ƙera shi cikin mako shida, mai ƙarfin doki 12. A 1877 kuma, makanike John Kruesi ne ya karɓi zanen Thomas Edison ya haɗa na'urar farko mai naɗar murya ta kuma maimaita ta.

Hanyar yawanci daga gyara take farawa. Mai walda ko makanike da ya daɗe a kan aiki ya san inda ƙarfe ke tsagewa, ya san notin da girgiza ke kwancewa. Wata rana zai gaji da canza abu ɗaya sau goma, ya ƙera nasa wanda ya fi ƙarko. Wani ya gani, ya kawo masa zane ya ce, "Maigida, wannan fa, zai yiwu?" Kasuwanci ya fara ke nan, ko da shi bai lura ba.

Abin da ke ba masu sana'a wuya a nan shi ne awo. Ido da guduma sun isa idan guda ɗaya za ka yi. Masana'antar da za ta buga dubu kuwa sai ka faɗa mata a rubuce: ramin nan milimita goma ne, kuskure kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Don haka sai an zauna an koyi zane a kwamfuta. Firintar 3D, injin da ke mayar da zanen kwamfuta abin da za a riƙe a hannu, ta sauƙaƙa sauran, domin tun da wa'adin mallakar fasahar narka roba da take aiki da ita ya ƙare a 2009, farashinta ya faɗi warwas.

Kada ka ɓata ƙarfe mai tsada a samfurin farko. Kwali da gam sun wadatar, muninsa ba komai ba ne, tambaya ɗaya yake amsawa: dabarar tana aiki? James Dyson, mai ƙirƙira ɗan Birtaniya, sai da ya yi samfuri 5,127 kafin injin shararsa ya yi aiki yadda yake so. Shi ya sa mai wayo yake yanka kuɗin aiki mataki-mataki, kowane gwaji da nasa lissafin.

Saura maganar da ke raba abokai: in kai ka gyara dabarar har ta yi aiki, ta wa ce? A rubuta amsar kafin a kunna inji. Takardar mallakar ƙirƙira shekara 20 take yi daga ranar da aka shigar da buƙata, kuma a ƙasashen Turai, in ka nuna abin a bainar jama'a kafin wannan rana, damar ta tafi. Ko gajeren bidiyo ka ɗora a Facebook, an lissafa ka nuna.