Jawabin Maraba ga Mai Girma Shugaban Tawagar Masu Zuba Jari, daga Kwamitin Mazauna Sharaɗa da Unguwannin Gefen Rafin Salanta, Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma babban baƙonmu, shugaban wannan tawaga, iyayenmu wakilin Hakimi, dagaci da masu unguwanni, malamai, iyaye mata, jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Sunanka ya riga ka isowa. Mun san ɗimbin dukiyar jama'a da aka damƙa maka amana kake juyawa, ciki har da kuɗin fansho na ma'aikata, mun kuma san idan ka yi gyaran murya a zauren daraktoci kowa nutsuwa yake. Mutum irinka ya baro ofis ya tako unguwarmu, wannan karamci ne da ba za mu manta ba.

Tun kafin ka sha ruwa za mu faɗi buƙatarmu, don ita ta hana mu barci. Muna roƙon ka sa kamfanonin jima da kuke da hannun jari a cikinsu su riƙa tace dagwalonsu kafin su sake shi cikin rafi, dare da rana, kuma wani mai gwaji da ba ma'aikacinsu ba ya riƙa auna ruwan ba tare da sanarwa ba.

Kada a ɗauka mu maƙiyan sana'ar fata ne. Kano ce gidanta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya kuma kafa kasuwar Kurmi, fatake ke ɗaukar jar fatarmu a kan raƙuma su ƙetare Sahara, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko alhali majemanmu ne suka jeme ta. Karofin Ƙofar Mata na nan tun 1498. Da Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya shigo a 1851, ya tarar da birnin da ke tufatar da ƙasashe da saƙarsa da rininsa, yana kuma fitar da takalma. Kakanninmu da bagaruwa da toka suke jima. Daga baya aka yanka filayen masana'antu a Bompai, da Sharaɗa, da Challawa, inji ya zo, sinadarin kromiyom ya maye gurbin bagaruwa. Fata ta tafi Italiya da Sifen ta zama jaka da takalmi masu tsada. Mu aka bar mana ruwan wankinta.

Dagwalon Sharaɗa Salanta yake bi ya faɗa kogin Challawa, kogin da matatun ruwan sha na birni suke ɗiba. Na Bompai kuwa Getsi yake bi ya shiga Jakara, har madatsar Wasai. Da rani, idan ruwa ya ja baya, da shi masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da karas, don ba su da wani. Waɗannan kayan kasuwannin birni suke zuwa. A nan unguwar, akwai daren da wari ke tayar da yaro daga barci, akwai rijiyoyin da muka rufe da hannunmu. Mun sha ganin ruwan rafi ya yi sauƙi ranar da masu dubawa za su zo, bayan kwana biyu ya koma baƙi, saboda injin tacewa dizal yake ci, kuma babu mai tambaya idan an kashe shi.

Doka akwai ta. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007. A 2012 bankuna suka amince da ƙa'idojin duba illar muhalli kafin ba da rance, akwai kuma kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na ƙasa na 2018. Mun rubuta takardun koke har mun gaji. Amma mai kamfani ya fi jin muryar mai kuɗi, kuma kai ne mai kuɗin. Kana da kujera a babban taron shekara-shekara, kana da ƙuri'ar zaɓen daraktoci, kana iya cewa ba za a ƙara ko kobo ba sai an cika sharaɗi. Ka tambaye su, ranka ya daɗe: wane darakta ne alhakin dagwalo yake wuyansa? Nawa aka kashe wa injin tacewa bara? Wa ya duba rahoton da aka kawo muku? In daraktocin duk ’yan gida ɗaya ne, wa zai ce wa wani ya yi kuskure?

Ku ma abin ya shafe ku. Ranar da hukuma ta garƙame masana'anta, ko masu saye a Turai suka ce sai sun ga shaidar tsafta, jarin ’yan fansho ne zai kwana a ciki.

Mun ji wasu masu jari idan ransu ya ɓaci sayar da hannun jarinsu suke su tafi. Don Allah kada ka yi mana haka. ’Ya’yanmu a can suke aiki, kuma wanda zai saya bayanka ba lallai ya zo Sharaɗa ba. Ka zauna a ciki ka matsa musu.

Akwai maganar titinmu da magudanan ruwa, da ɗaukar samarin unguwa aiki. Suna cikin takardar da sakatare zai miƙa maka, za su iya jira. Ruwan ne ba zai jira ba, don noman rani ya ƙarato. A tace shi, a auna shi, a kafe sakamakon da Hausa a ƙofar mai unguwa kowa ya karanta.

Bayan addu'a muna roƙon ka ba mu minti goma, dattawa su raka ka bakin rafin ka gani da idonka. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.