Darasi: Idan allo ya yi baƙi bayan sa direban NVIDIA a Debian

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau kan direban katin hoto na NVIDIA za mu tsaya, wato manhajar da ke sarrafa katin, a Debian 12, wani nau'in Linux. Ka sa direba, ka sake kunna kwamfuta, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Don Allah kada ka yi saurin goge komai. Galibi katin lafiyarsa ƙalau, direban ne bai samu shiga kanel ba, wato zuciyar Linux da ke magana da sassan kwamfuta.

Wani ɓangare na direban nan a kan kwamfutarka ake harhaɗa shi, daidai da kanel ɗin da kake kai, kamar yadda tela ke ɗinka riga a kan awon mai ita. DKMS ke wannan aikin, manhajar da kamfanin Dell ya fitar a 2003, kuma duk lokacin da sabon kanel ya sauka sai ta sake harhaɗawa.

To, danna Ctrl da Alt da F3 tare, allon rubuta umarni zai fito, ka shiga da sunanka. Rubuta uname -r, ga lambar kanel ɗinka ta fito. Sai dkms status. Idan ba ka ga installed a gaban wannan lambar ba, to ba a harhaɗa komai ba, kuma yawanci fayilolin linux-headers ne babu, waɗanda DKMS ke bukata wajen harhaɗawa. Rubuta sudo apt install linux-headers-amd64. Wannan na fi so, domin yana bin kowane sabon kanel da kansa. Idan har yanzu ya ƙi, buɗe make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms/nvidia-current, ka nemo kuskuren farko. Sauran duk shi ya haife su.

Yanzu ga wanda ya fi wahalar da mutane. DKMS ta ce komai ya yi, amma nvidia-smi, manhajar duba halin katin, na cewa ta kasa magana da direba. Rubuta mokutil --sb-state. Idan Secure Boot, wato tsaron da kwamfuta ke yi wajen kunnawa, a kunne yake, kanel ba zai karɓi direban da bai san sa hannunsa ba. Wasu kashe Secure Boot ɗin kawai suke yi. Ni dai ban ga dalili ba, tunda gyaran ba wuya, kawai ka yi rajistar makullin da DKMS ke sa hannu da shi: sudo mokutil --import /var/lib/dkms/mok.pub. Za ta nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri. Sake kunnawa, shuɗin allo zai fito, zaɓi Enroll MOK, ka sa kalmar. Ku lura fa, allon nan ba ya jira. In ya wuce ka, sai ka maimaita umarnin.

Sai nouveau, direban kyauta da ke zuwa cikin kanel. Idan ya riga ya kama katin, na NVIDIA ba zai samu wuri ba. Kunshin Debian yana toshe shi da kansa, amma duba da lsmod ka ga ko nouveau na cikin jerin. Masu harhaɗa kanel da hannunsu, ku tabbata CONFIG_MODULES na kan y, CONFIG_DRM_NOUVEAU kuma m ko a kashe. In kun sa shi y, ya shige cikin kanel, layin blacklist, wato na toshewar, ba zai taɓa shi ba.

Mai tsohon kati na zamanin Kepler, irin su GTX 770, direba 470 ne iyakarka. Sa nvidia-detect tun farko, zai faɗa maka kunshin da ya dace da katinka.