Jawabin maraba ga Mai girma Minista mai kula da makamashi, a madadin masu unguwanni da masu sana'a na birnin Maradi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, Mai girma Gwamnan jihar Maradi, Mai martaba Sarkin Katsinan Maradi, Allah ya ja zamaninku, shugabannin da ke riƙe da ma'aikatar magajin gari da gundumomi uku na wannan birni, malamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata, ƴan kasuwa da samari, kowa da girmansa muna gaishe shi.

Ranku ya daɗe, barkanku da zuwa Maradi ta Ɗan Kasawa. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Yamai ya ratso Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Gidan Rumji kafin ya hango Tsibiri, ya san kilomita 600 da ɗoriya ba wasa ba ce. Sannunku da hanya, ku da tawagarku. Ni tsohon malamin makaranta ne, dattawan unguwanni suka ɗora mini nauyin yin magana da yawunsu. Sun ce in shimfiɗa muku fuska kafin tabarma, sa'an nan in faɗa muku abin da ke cikinmu ba tare da kwana-kwana ba, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan fara da watan Agusta na 2023, don babu gidan da ya manta da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sa Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa. Mu nan layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ne jijiyarmu, mu da Damagaram. Sai cikin watan Maris na 2024 wutar ta dawo. A waɗannan watanni na ga mai walda a bakin titinmu yana zaune bisa benci tun safe har la'asar, ƙofar ƙarfe rabin haɗi tana jingine da bango, yaransa uku suna jiran abin da ba su san lokacin zuwansa ba. Na ga tela yana kwana a shago don in kuran ya zo ƙarfe biyu na dare ya tashi ya taka keke. Matan da ke ciyar da gida da kuɗin ƙanƙara da lamurje sun wayi gari firigo ya zama akwatin ajiyar kwanoni. Wannan birni da kasuwa yake numfashi, in wuta ta ɗauke har tukunyar tuwo sai ta ji.

Mutanen Maradi ba su zauna sun naɗe hannu ba. Ku ɗaga kai ku dubi rufin gidaje a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari, za ku ga faifan sola jere. Mai cajin salula ya sa nasa, mai shagon sanyi ya sa nasa, masallatai sun yi karo-karo sun sa nasu. Ba wanda ya yi musu lacca, wuya ce ta koya musu. Kuma abin ba baƙo ba ne a jiharmu. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Shi ya jagoranci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, daga 1969 zuwa 1985, yana ƙera tukunyar dahuwa da na'urar zafafa ruwa da zafin rana tun duniya ba ta waiwayi wannan fanni ba. Idan na tuna haka sai raina ya sosu, ganin har yau wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a Nijar, ƙasar da ranarta ke ƙona tafin ƙafa.

Mun yaba da tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023. Sai dai wutar Gorou Banda ta yankin Yamai ce. Roƙonmu na farko shi ne Maradi ma ta samu babbar tasha tata, a kuma gaya mana fili nawa, kuɗi nawa, wa zai gina, yaushe za a gama.

Wannan "a gaya mana" shi ne ainihin saƙon da aka aiko ni da shi, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa.

Shekarun baya an kafa fitilun sola a titin da ya bi ta ƙofar gidana. Daren da suka fara ci, unguwa ba ta yi barci da wuri ba. Ƴan makaranta suka fito da littattafansu suka zauna gindin turaku, mai tuyar awara ta matso da kaskonta, tsofaffi suka daina tsoron ramin da ke kan kwana in za su sallar asuba. Ba a yi damina uku ba sai suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro da ya koyi gyaran sola ya hau ya duba, ya ce faifan lafiyarsa lau, batir ne ya gaji, ga ƙurar hunturu ta yi kauri bisa gilashin ba mai sharewa. Faifai mai kyau yakan yi shekara 20 ko fiye, amma batir a irin zafinmu ƴan shekaru yake yi. Ke nan tun ranar da aka kafa turken ya kamata a san wa zai sayi batir na biyu. Muka tashi mu uku muka shiga nema. Wani ofishi ya ce aikin ba nasa ba ne, wani ya ce takardun suna wani wuri, kamfanin da ya yi aikin kuwa ko sunansa ba a rubuta a jikin turke ba. Muka dawo da ƙafafunmu cike da ƙura. Ba na zargin kowa da cin ko dala ɗaya. Amma inda aka rufe lissafi, zato ne ke shiga, har mai gaskiya ya sha zagin da bai ci ba.

Dokokin ƙasa suna tare da mu a wannan magana. Kundin dokar ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 ya tanadi zaman majalisar gari a buɗe ga jama'a. Dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. A da, in abu ya dame mu, kansilan unguwa muke tarewa a ƙofar masallaci ko wurin suna. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe garuruwa, wannan ƙofar ba ta nan. Ba mu zo yin gardama a kan hukuncin ba. Muna cewa ne tunda babu kansila, buƙatar takarda a jikin bango ta ninka.

Abin da muke nema ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowane aikin sola da aka yi da dukiyar jama'a, fitilar titi ce, famfon ruwa ne, ko firigon allurar rigakafi a gidan likita, a kafa masa allo da Hausa da Faransanci: ga wanda ya biya, ga adadin kuɗin, ga ɗan kwangila, ga tsawon garanti, ga lambar da za a kira in ya lalace. Kasafin kuɗin gari kuma, abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa shi a ƙofar ma'aikata, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyonmu, don yawancin masu biyan haraji da kunne suke karatu. Tsohuwar da ke kasa yakuwa da kuɓewa a babbar kasuwa kullum tana yankar tikiti. Haƙƙinta ne ta ji inda kuɗin tikitin ya kwana. Ranar da ta ji, mai karɓar haraji zai huta da rantse-rantse.

Haka batun magudanan ruwa. Ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya ci rayuka a birnin nan, ya rusa gidaje, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kakanninmu ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tashe su daga fadama suka hawo tudu, ba ma so jikokinmu su ga irin wannan. A bayyana mana abin da aka ware wa yashe lambatu kowace shekara kafin hadari ya haɗu, mu kuma mu fito da shebur da baro, kamar yadda muka saba.

Sauran biyu a taƙaice. Tun 2017 aka ɗauke wa wasu kayan sola kuɗin duwan, amma talaka a kasuwa ba ya iya bambance faifai na ƙwarai da jabu. Yana tara jikkuna wata da watanni, a sayar masa da batir da ba zai kai azumi mai zuwa ba. Muna so ANERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, ta samu masu duba ingancin kaya a nan Maradi, kusa da iyakar Ɗan Isa inda kaya ke shigowa. Sa'an nan ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga makarantun koyon sana'a, ga samari birjik. A horar da su, a ba su kwangilar kula da fitilun unguwanninsu, a kuma tuna da manoman Jiratawa da kuɗin wutar jan ruwa ke cinye musu ribar zogale da tumatir.

Mai girma Minista, mun san jadawalinku a cike yake. Duk da haka dattawa sun ce in roƙe ku alfarma ɗaya. In an idar da sallar magariba, ku ba mu minti ashirin, ba jiniya, ba jerin motoci, mu taka da ƙafa zuwa titin da na ba ku labari, ku ga turakun da idonku, ku gaisa da yaron da ya hau ya duba su. Kafin nan ga ruwan sanyi, ga fura an dama. Allah ya sa kun zo a sa'a, ya maida ku gida lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.