Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Al'adu daga Makaɗan Fiyano na Birnin Yamai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Minista, 'yan tawagarku, iyayenmu masu unguwa, malamanmu, 'yan jarida, 'yan'uwa makaɗa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin makaɗan fiyano, da masu haɗa kiɗa a kwamfuta, da masu saka kiɗa a gidajen biki na birnin Yamai, muna yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya. Ba sai mun zayyana ayyukanku ba, duk wanda ke zaune a nan ya san su. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne kun baro ofis kun tako ƙafa har unguwarmu. Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Mun san lokacinku ƙanƙane ne, don haka za mu fara da abin da ya fi damun mu. Muna roƙon ɗaki guda ɗaya, mai sanyi dare da rana, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kayan kwafe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, kuma muna roƙon a same shi kafin bazara ta shigo. Ga dalilinmu.

Ranku ya daɗe, kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a Nijar. Malam Mamman Sani Abdoulaye yana aiki da UNESCO lokacin da ya ga fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a hannun wani wakilin Ruwanda, ya saye shi, ya kawo shi gida. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset da shi, da sa hannun ma'aikatar al'adu ta wancan lokaci. Kiɗa shida ne a ciki: Lamru, Salamatu, Kobon Lerai, Lidda, Bodo da Tunan. Ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na ƙasar nan, har da na Fulani Wodaɓe da na Abzinawa, ya zuba su a cikin na'ura, hannun hagu yana riƙe da amon ƙasa, na dama yana rera abin da murya ko sarewa za ta rera. Salamatu ita ce ta fi shiga zuciyar mutane. Shekara da shekaru rediyo da talabijin suna saka kiɗansa tsakanin shiri da shiri, har yara suka girma suna bin sa da baki ba su san sunan mai shi ba.

A duba shekarar da kyau. A 1978 ɗin nan Kraftwerk na Jamus suka fitar da faifansu The Man-Machine, Jean-Michel Jarre na Faransa ya fitar da Équinoxe. Na'urar ganga ta Roland TR-808, wadda kiɗan rawa na duniya ya jingina da ita, ba ta fito ba sai 1980. Kiɗan house na Chicago da techno na Detroit sai tsakiyar shekarun 1980. Daft Punk, da yaranmu ke ɗauka su ne mafarin komai, a 1993 suka haɗu a Paris. Yamai ta riga su. A nahiyarmu ma, sahun Mamman Sani ɗaya da Francis Bebey na Kamaru da William Onyeabor na Enugu. Wannan abin alfahari ne, kuma ba mu jin nauyin faɗinsa a gaban kowa.

Sai dai ga inda abin ke mana ciwo. Kaset ɗin nan kwafi kusan 100 kawai aka buga. Ya kwanta shekara talatin da wani abu, sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi ɗaya a wani ɗakin ajiyar kaset a nan Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Taaritt ya biyo baya a 2014, sai tarin kaset na 1981 zuwa 1984 a 2015. Muna yaba wa wanda ya yi aikin. Amma ɗan Yamai da ke son faifan ubansa yau sai ya yi odarsa daga ƙetaren teku, ya biya da kuɗin waje. Saura kaɗan mu yi asarar wannan tarihi. Da gara ta riga baƙon nan isa kwalin fa?

Zuri'ar ba ta yanke ba. Hama, ɗan garin nan, da fiyanon Yamaha PSR-64 ya fara, kiɗansa ya zagaye ƙasa daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, ana rawa da shi a bukukuwa, direbobi suna sha a mota, akasari ba tare da sunansa a jiki ba. Faifansa Torodi ya fito a 2015, Houmeissa kuma a 2019, wanda ya haɗa a kwamfuta, ya mai da waƙoƙin makiyaya da na ayari da na aure kiɗan da ake takawa a ɗakunan rawa na Turai. Mdou Moctar, da duniya ta sani da jita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar ganga da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙarsa Tahoultine a waya ta yi yawo kafin ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones a 2011.

Masu cewa mai fiyano ba makaɗi ba ne, maɓalli kawai yake dannawa, muna gayyatarsu su zo su gwada. Kiɗan rawa na Turawa bugu huɗu-huɗu ne a jere, kusan 120 zuwa 128 a minti. Namu da yawa, irin takamba, bugu shida-shida ne masu rangaji, kuma kamfanin da ya ƙera fiyanon bai sa su a ciki ba. Makaɗi ne zai zauna ya gina su bugu bayan bugu, ya zaɓi sautin da ya fi kusa da ƙwarya da kalangu, ya daidaita shi da karin waƙoƙinmu mai amo biyar, ya adana. Aikin kwana da kwanaki ne. Da yawa daga cikin waɗannan kiɗe-kiɗe suna kan ƙananan faifan fulofi masu ɗaukar megabayit 1.44, kuma fulofi ba ya jure ƙura. Ran da ya ƙi buɗewa, aikin ya tafi.

Yanzu bari mu faɗa muku abin da ke samun kaset a garin nan, don ku ga dalilin gaggawarmu.

Zaren kaset leda ce siririya mai faɗin milimita 3.81, an shafe ta da garin ƙarfe da wani irin danƙo ke riƙewa. Sautin yana cikin garin nan. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 a inuwa, a ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Zafi yana lanƙwasa zaren, yana kuma sa sautin wani zagaye ya shiga na kusa da shi, sai ka ji muryar mawaƙi ƙasa-ƙasa kafin ya buɗe baki. Damina ta zo, danƙon ya sha laima ya yi laushi, zaren ya manne da juna, fumfuna ta hau. Wannan ya fi kama manyan zare na nadi masu faɗin milimita 6.35, waɗanda aka yi aiki da su a situdiyo a shekarun 1970 da 1980. In aka saka irin wannan a na'ura ba a duba ba, zai yi ƙara kamar ƙofar da ba mai, garin ya goge a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin zare, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Hunturu kuma ya kawo ƙurar da ke kankare zare da hed gaba ɗaya. Kowace shekara sau uku kaset ke shan wahala.

Akwai magani, amma yana da ƙa'ida. Zaren da ya yi danƙo ana gasa shi a na'ura mai riƙe zafi daidai, digiri 50 zuwa 54, awa takwas ko fiye, a bar shi ya huce a hankali, sannan a kwafe shi cikin 'yan kwanaki, domin gyaran ba ya ɗorewa. Ba a shanya shi a rana, ba a sa shi a tandar girki. Tsohon zare irin na asitet kuma, wanda haske ke ratsawa in an ɗaga nadin, ko yake warin tsami, ba a gasa shi sam, lalacewa zai yi, kuma a ware shi daga sauran. Kafin a saka kowane kaset, a duba ɗan audugar da ke tura zare zuwa hed, don yakan faɗi in gam ya bushe. A goge hed da robar da ke matse zare da sifirit mai tsabta. A canza bel, domin tsohon bel a zafin nan narkewa yake ya zama kwalta, gudun na'ura ya kauce daga santimita 4.76 a daƙiƙa, kiɗa ya dinga lilo. Akwai kuma 'yar ƙusa a gefen hed da ake murɗawa ga kowane kaset har sai siririn sauti ya fito tas. Wanda ya tsallake wannan zai kwafi kiɗa dishi-dishi ya ɗauka haka aka yi shi.

Kwafin kansa ba a yin sa da MP3. MP3 ta waya ce, tana zubar da wani ɓangare na sauti don ta yi sauƙi. Na ajiya WAV ne, wanda ba ya zubar da komai, kilohaz 96, bit 24. Awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 2, wato rumbun ajiya mai terabayit 2 zai ɗauki awa 900 da wani abu. Kowane kiɗa a yi masa kwafi uku, ɗaya a ajiye shi a wani gini daban. A rubuta sunan makaɗi, sunan kiɗa, shekara, wurin ɗauka da na'urar da aka yi amfani da ita, tun masu iya tunawa suna raye. Babu hanyar yanke a wannan aiki. Kaset na minti 60 sai ya yi minti 60 yana juyawa, ga dubawa, ga gogewa, ga rubutu. Ƙwararre ɗaya bai wuce kaset uku ko huɗu a yini. Ga kwalaye a gidajen makaɗa da na magadansu, ga na tsofaffin masu sayar da kaset da suka rufe shago. Duk watan da aka jinkirta, wasu sun mutu a ciki.

Ga abin da ɗakin ke buƙata, ranku ya daɗe. Mita huɗu a biyar ya isa, mai rufin kankare ko silin mai kauri, ba taga ta yamma, ƙofa mai roba a gefe don ƙura. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, da na'urar tsotse laima don watan Agusta, a riƙe zafi wajen digiri 20, laima kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Tsayuwar sanyin ta fi ƙarfinsa muhimmanci, domin ɗakin da ke sanyi da rana ya yi zafi da dare in wuta ta ɗauke, ya fi ɓata zare. Shi ya sa muke roƙon sola: faranti takwas masu wat 400, inbata mai kVA 5, da batirin litiyom mai kilowat-awa 10. Sai rikoda biyu na kaset masu hed uku, na'urar nadi ɗaya mai gudun santimita 9.5 da 19 da 38, na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, kwamfuta ɗaya, rumbunan ajiya shida, na'urar gashi, da kantocin ƙarfe da za a jera kaset a tsaye nesa da lasifika, saboda maganaɗisun lasifika yana share sauti. Ma'aikata ba matsala ba ne. Muna da masu gyaran rediyo da suka san cikin waɗannan na'urori, muna da samari da 'yan mata masu hannu a kwamfuta, horo na 'yan makonni ya wadatar.

Akwai wasu buƙatu, za mu taɓa su a gurguje. Muna son a sauƙaƙa wa matasa yin rajistar kiɗansu a hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, don kiɗa ya daina yawo ba suna. Muna son a duba kuɗin fiton kayan gyaran fiyano, irin robar ƙarƙashin maɓallai da na'urar da ke maye gurbin fulofi da filas. Muna son a sa kiɗan fiyano cikin gasannin ƙasa a matsayin fanni mai zaman kansa. Waɗannan duk za su iya jiran baɗi.

Ɗakin ne ba zai iya jira ba. Ma'aikatar al'adu ce ta sa hannu aka ɗauki kaset na 1978, kuma ku ne ke kan wannan kujera a yau. Ba sabon gini muke nema ba. In akwai ɗaki da ba kowa a ɗaya daga cikin gine-ginen da ke ƙarƙashinku, a ba mu aronsa, mu za mu share, mu yi fenti, mu kafa kantoci da hannunmu. Kwafin farko na duk abin da aka ceto na ƙasa ne, a ajiye shi inda kuka ga ya dace. Muna roƙon a fara da sola da na'urar sanyi kafin ƙarshen Fabrairu, ko da sauran kayan za su zo daga baya, don kaset su kwana a sanyi kafin zafin Maris ya kama.

Sakataren kwamiti zai miƙa muku takardar kayan da ƙiyasin kuɗinsu yanzu. Bayan haka muna roƙon minti goma, ku leƙa tebur ɗin da ke bayanku, inda muka jera kaset masu lafiya da waɗanda suka manne, ku gani da idonku, sannan 'yan'uwanmu su kaɗa muku Salamatu.

Allah ya saka wa Malam Mamman Sani da alheri, ya ji ƙan magabatanmu makaɗa. Allah ya taya ku riƙo, ya mai da ku gida lafiya, ku da tawagarku. Allah ya zaunar da Nijar lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin shirye-shirye